Matta Mai Salka

A Ikara idan ka tambayi gidan Matta matar Lucky, mai yiwuwa a tsaya ana kallon juna. Amma ka ce Matta Mai Salka, ko ɗan acaɓan bakin tasha zai kai ka har ƙofar gida. Salkar da ake nufi ba ta ɗiban ruwa ba ce. Wani abin busa ne na mutanen Sikotlan: jaka ce ake matsewa a hammata, da sanduna uku da ke kwanciya a kafaɗa suna gunji, da wata kamar sarewa a ƙasa inda yatsu ke aiki. Mutanen gari da suka rasa sunan da za su ba shi sai suka ce algaitar salka, mai busa ta kuma ta gaji rabin sunan.

An haifi Matta a wani ɗan ƙauye tsakanin Ikara da Makarfi, cikin Hausawa Kirista. Ubanta Ɗan'azumi manomin masara ne da barkono, mutum ne da ba ya ɗaga murya ko a gona. Da ta gama firamare ya kai ta Ikara wurin ƙanwarsa, aka sa ta a wata makaranta mai zaman kanta da wani dillalin hatsi ya gina. Katanga ɗaya ce ta raba gidan gwaggon tata da gidan Saja Maiwada.

Saja Maiwada tsohon soja ne, ɗan badujala. Shi da bakinsa yake faɗa cewa bai taɓa ɗaga bindiga a kan kowa ba, aikinsa busa. Yana da ƙuruciya aka tura shi Sikotlan ya yi 'yan watanni yana koyon algaitar, ya dawo da tasa ta kansa, da wani buje mai nauyi da malaminsa na can ya ba shi. Mutanen ƙasar suna kiran bujen kilt. Na ulu ne, kore da baƙi da shuɗi, layuka sun gicciye juna gida-gida. Gabansa a shimfiɗe yake, bayansa kuwa ninki ne a kan ninki, kuma tsawonsa bai wuce gwiwa ba. Yana ajiye shi a adaka da kafur. Ba ya fito da shi sai ranar faretin 'yan makaranta, sa'an nan ya haɗa da doguwar safa da wata zabirar gashi da ke rataye a gaba.

Ranar da ya sa shi, yara kan bi shi har fili suna cewa Saja ya ɗaura zanen matarsa. Ba ya korarsu. In ya sami mai saurare, sai ya ce:

"Wannan da kuke gani yadi takwas ne. A can kowace zuriya da irin layinta, kamar yadda a da za ka ga tsagar fuskar mutum ka san gidansu. Akwai zamanin da sarautar Ingila ta hana su sa shi bayan wani yaƙi, sai wanda ya shiga soja. Kayan mazaje ne, ba na wasa ba."

Masu saurare su gyaɗa kai, in ya ba da baya su yi dariyarsu.

Kullum bayan la'asar yakan fito gindin darbejiyar tsakar gidansa ya yi busa. A ɗaya gefen katanga Matta na wanke-wanke tana bi da hanci. Matar Saja, Adama, ita ta fara lura. Wata rana tana tankaɗe ta ce da mijin:

"Malam, yarinyar nan ta maƙwabta ta haddace duk abin da kake busawa. Har 'yan karkaɗe-karkaɗen nan da kake yi da ɗan yatsa tana fitar da su."

A shekarar ne mai makarantar su Matta ya ɗauki Saja ya kafa masa 'yan badujala, don makarantarsa ta fita daban ranar fareti. Mai makarantar ya sayo ganguna da tsofaffin algaitu biyu. Samari aka ba kayan kiɗa, 'yan mata aka ce su yi maci a baya. Sai dai algaitar ba ta son gaggawa. Sai mutum ya daɗe a kan wata 'yar sarewar koyo kafin a ba shi jakar, kuma ko an ba shi, cika ta da iska da riƙe sautin kada ya yi sama ya yi ƙasa wani aiki ne daban. Samarin suka watse zuwa ganga ɗaya bayan ɗaya, aka bar wani Yahya shi kaɗai yana fama. Da Saja ya ga algaita ɗaya na zaune ba mai busawa, ya tuna maganar Adama, ya sa aka kira Matta.

"An ce kina kwaikwayona ta bayan katanga."

"Ina dai ji ne, Baba."

"To riƙe wannan. Ba da kan yatsa ake toshe ramin ba, da cikinsa. Miƙe su."

Ta yi damina guda a kan sarewar koyo. Ranar da aka fara ba ta jakar, jiri ya kwashe ta har ta zauna a ƙasa, leɓenta ya mutu, iska na fita ta gefen baki. Washegari ta dawo. Kafin ta kai aji biyar ta wuce Yahya nesa, shi kansa ya sani, bai kuma ji haushi ba, don dama ƙwallo ce a ransa.

Rigimar buje ta taso ne da mai makaranta ya je Kano ya sayo bandir na yadi mai gida-gida, ja da baƙi, ya ce a ɗinka wa 'yan badujala irin na Saja. Samarin suka ce allambaram. Washegari iyaye suka cika ofishin shugaban makaranta. Uban Yahya ya ce shi ɗa namiji ya kawo boko, in an rasa yadin wando a faɗa masa ya sayo. Saja ya yi bayani har muryarsa ta dushe, babu wanda ya motsa. Daga ƙarshe shi ya kawo mafita, ya ce ko a can ma akwai rundunonin da wando suke ɗinkawa da irin yadin. Aka yi wa samari wanduna, kowa ya kama gabansa.

Matta ta bari sai da ƙura ta lafa, ta same shi a gida, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce:

"Baba, tun da su ba sa so, ni a ɗinka mini irin naku."

Ya dube ta kamar ta ce a ba ta rawani.

"Ke ma ba ki ji abin da nake ta faɗa ba ke nan? Kayan maza ne. Duk zaman da na yi a can ban ga mace da shi a cikin sahu ba."

"Ai su cewa suka yi na mata ne."

"Su ba su sani ba. Ni na sani."

Da labarin ya kai ƙauye, Ɗan'azumi ya aiko cewa shi bai san na maza ko na mata ba, amma 'yarsa ba za ta tsaya gaban jama'a da gwiwa a waje ba. Haka aka ɗinka mata dogon siket har idon sawu. Da shi ta yi fareti biyu, tana gefen Saja, shi da bujensa, ita tana ɗan tattare nata da ƙafa kada ya harɗe ta a wurin juyawa.

Bayan sakandare karatu ya tsaya. Ta koma ƙauye ta yi shekara biyu tana tsinkar barkono da tumatir, ran Lahadi tana waƙa a ƙungiyar mawaƙan coci. Algaita ta makaranta ce, ta bar ta a can. Sai wata rana Saja ya hau acaɓa da kansa ya zo ƙauyen. Ya ce da Ɗan'azumi wata mata a Kaduna, Madam Judith, tana da ƙungiyar masu busa da ake ɗauka haya wurin bukukuwa, ta nemi tsofaffin sojoji su samo mata ƙwararru, shi kuwa bai san kowa ba sai Matta. Ɗan'azumi ya tambaya ko akwai coci kusa da inda za ta zauna. Aka ce akwai. Ya ce Allah ya kiyaye hanya.

A Kaduna babu wanda ya tambaye ta ra'ayinta game da tufafi. Ranar da ta isa, Madam Judith ta buɗe wata jakar Gana-mas-go ta jefo mata buje da farar riga da safa, ta ce ta gwada. Duk 'yan ƙungiyar, maza da mata, shi suke sawa. Ba na ulu ba ne kamar na Saja, daga Pakistan ake kawo su, yadin roba-roba ne mai sheƙi. Matta ta ɗaura, ta ja maɗaurin fata a ƙugu, ta taka daga bango zuwa bango. Abin da ta fara ji shi ne yadda ninkin baya ke lilo da kansa in ta ɗaga ƙafa, da kuma yadda ƙafar ke tafiya ba abin da ya tare ta. Na biyu kuwa zafi ne a ƙugu, wanda bai bar ta ba duk shekarun da ta yi tana sawa.

Aikin ba shi da wani sirri. Su rako amarya da ango cikin zauren biki, su tsaya bakin ƙofa in babban mutum zai buɗe gidan mai ko otal, su yi gaba a jana'izar Kirista mai hali. Wani lokaci har Abuja da Jos. Sau da yawa masu biki ba su san abin da ake busawa ba, hoto suke so. Matta ta saba da tsayuwar awa da awanni a rana, ta saba da 'yan mata masu zuwa su taɓa zabirarta su tambaya ko waya take sawa a ciki. Waya take sawa kuwa, da man leɓe.

Hotonta ya riga ta isa Ikara. Wani ya gani a wayarsa ya kai wa gwaggonta, gwaggo ta kai wa Adama, Adama ta miƙa wa Saja. Ɗan'azumi da aka nuna masa cewa ya yi safar ta rufe abin da ya kamata, bai ƙara ba. Saja kuwa, da Matta ta zo Kirsimeti ta shiga gaishe shi, ya amsa gaisuwar a taƙaice, ya ci gaba da jan carbinsa. Ta gane maganar bujen ce. Ta fito da wayarta ta nemo wani bidiyo na gasar masu busa da ake yi duk shekara a birnin Gilasgo, ta matsa kusa ta riƙe masa. Sahu-sahu ne na masu algaita a kan koren fili ana yayyafi, cikinsu ga mata nan da yawa, kowace da bujenta daidai da na namijin da ke gefenta.

Ya sa tabarau ya kalla har ya ƙare. Ya ce ta maimaita. Da ya ƙare na biyu ya ce:

"A lokacinmu babu wannan."

"Yanzu akwai, Baba."

"Na gani." Ya cire tabarau. "Waccan ta ƙarshen sahu, mai jan gashi, ta iya yatsa. Ke har yanzu kina gaggawa a wurin saukar da sauti?"

"Na rage."

"Ragewa ba bari ba ne."

Daga nan ya koma yi mata magana kamar da, amma bai taɓa cewa ta yi daidai ba, ita ma ba ta sake tayar da zancen ba.

Sau ɗaya ta taɓa haɗuwa da 'yar ƙasar. A wani biki ne a Abuja, wata dattijuwar Baturiya ma'aikaciyar jinya ta zo bayan sun gama busa, ta kama gefen bujen Matta tana dubawa, ta tambaye ta na wace zuriya ne. Matta ta ce na Madam ne. Matar ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce ita daga tsaunukan arewacin Sikotlan take, kuma tana yarinya uwarta ba ta yarda ta sa irin wannan ba, sai siket mai kama da shi wanda aka yi don mata. Na kakansu ƙanenta aka ba, shi kuwa sau biyu ya sa, ranar aurensa da ranar da aka binne ubansu. Ta ce yanzu jikarta na busa a makaranta da nata bujen, tsofaffi na gunaguni, ba mai kula su. Ta roƙi Matta ta busa mata wani take na jimami. Matta ta san shi, Saja ya koya mata. Matar ta tsaya ta ji har ƙarshe, ta yi godiya da Hausar da ta tsinta a asibiti, ta koma teburinta.

A cikin ƙungiyar ne Matta ta haɗu da Lucky, mai buga ƙaramar ganga, mutumin wajen Kafanchan, mai yawan barkwanci. Shi ma ya sha tsiya a garinsu saboda bujen, har yayarsa kan tambaye shi ko ta aro masa ɗankwali. Suka yi aure a cocin ƙauyensu Matta. 'Yan ƙungiya suka zo da mota guda suka yi musu busa kyauta. Ranar mutanen ƙauye suka ga maza shida da buje a lokaci ɗaya, tsofaffin mata suka rufe baki da gefen mayafi. Amarya dai farar riga ta sa.

Tana goyon 'yarta ta fari aka bugo mata waya cewa Saja Maiwada ya rasu bayan gajeriyar rashin lafiya. Kafin ta iso an kai shi makwancinsa, yadda ake yi wa kowane Musulmi, ba ganga ba busa. Ta zauna cikin mata ta yi ta'aziyya. Bayan addu'ar bakwai Adama ta kira ta ɗaki ta jawo adakar.

"Ya ce a ba ki algaitar. Yaran nan ba mai iyawa, sai su bar ta ta lalace."

Matta ta karɓa da hannu biyu. A ƙarƙashin algaitar bujen ne a ninke. Adama ta ɗaga shi, haske ya ratso ta ƙananan huji da asu ya yi masa, don tun da ƙafa ta hana Saja fita fareti ba a ƙara kula da kafur ba.

"Wannan bai ce komai a kansa ba," in ji Adama.

"To a bar shi, Inna."

Ba ta nema ba, ba a kuma ba ta ba. Daga baya ta ji cewa Adama ta warware ninkin, ta yanke inda asu bai taɓa ba, ta yi abin rufa ƙafa saboda sanyin ƙashi da ke damunta. Adama ta ce duk gidan babu abin da ya kai shi ɗumi.

Shekarar da annoba ta sa aka hana taro, ƙungiyar Madam Judith ta tsaya cak. Ba biki, ba buɗe otal, jana'iza ma mutum kaɗan ake bari. Da aka buɗe gari kuma tafiya a hanyar Abuja ta zama abin tsoro. Matta da Lucky suka tattara suka dawo Ikara. Ɗan'azumi ya yankar musu wani gefe na fadamarsa, Lucky da bai taɓa dasa tumatir ba ya koya, ya kuma sayi babur yana kai kaya kasuwa. Madam ta bar wa Matta bujenta, ta ce ai ya riga ya ɗauki siffar jikinta.

Tsohuwar makarantarsu tana nan, ɗan mai ita ke riƙe da ita yanzu. Shi ya neme ta ta farfaɗo da badujalar. Ta tarar da algaitu biyun nan a sito, jakunkunan sun bushe sun tsage, ta gyara abin da zai gyaru. Wannan karon 'yan mata ne suka fi zuwa, har da Musulmi, kuma su suka fi jure wa sarewar koyo. Da aka zo maganar tufafi, Matta ba ta jira an tara iyaye ba. Ta ɗauki nata bujen ta hau mota zuwa Makarfi wurin wata tela, Mukarrama, wadda ta yi suna a ɗinkin kayan makaranta.

Mukarrama ta juya shi ciki da waje, ta bi ninkin da yatsa.

"Wannan ai cin yadi ne. Wa zai iya?"

"Ki rage ninkin. Ki sauke shi ƙasan gwiwa da kamar tafin hannu."

"'Yan hijabi fa?"

"Su sa wando a ciki, baƙi. Hijabin ya zama gajere kada ya rufe jakar."

Na farko da ta ɗinka ninkin ya buɗe kamar laima. Na biyu ya zauna. Daga cikin iyaye mutum biyu suka janye 'ya'yansu, sauran suka zo suka gani suka bar nasu. Samari masu ganga har yau wando suke sawa, Matta ba ta taɓa tambayarsu ko suna son wani abu daban ba. Su kansu 'yan matan ba su san an taɓa yin gardama a kan abin ba. A wurinsu kayan busa ne, kamar yadda rigar ƙwallo take kayan ƙwallo. Takan gaya musu inda ya fito da abin da yake nufi ga masu shi, su saurara kamar yadda suke sauraren darasin tarihi, su tambaya ko da gaske ne can rana ba ta faɗuwa da wuri da bazara.

Yanzu Matta ta doshi arba'in, 'ya'yanta uku. Likita ya ce ta rage busa saboda ƙirjinta, don haka ta fi tsayawa a gefe tana ba da hannu. Wadda ke jan sahu wata Rumaisa ce, 'yar mai sayar da taki, doguwa marar magana. Uwarta ta taɓa tare Matta a kasuwa ta tambaye ta ko wannan busa zai ba yarinya aiki nan gaba. Matta ta ce ba ta sani ba, ita dai ya ba ta na wasu shekaru.

A daminar da ta wuce ƙungiyar dillalan tumatir ta Hunkuyi ta gayyace su bikin buɗe sabuwar rumfa. Suka tafi cikin bas ɗaya da ganguna a kan cinya, Lucky na biye a babur. Shugaban ƙungiya ya makara, aka bar su tsaye a fili har hadari ya haɗu daga gabas. Sun busa take biyu ruwa ya sauko. Jama'a suka ruga cikin rumfar da ba a kai ga yanke ƙyallenta ba, 'yan mata suka cusa algaitu ƙarƙashin hijabi suka bi su. Aka raba shinkafa da lemo a tsaye. Da ruwa ya tsagaita, Matta ta ƙirga yaranta, ta sa suka matse gefen bujensu, suka hau mota suka kamo hanyar Ikara.